Azumin da Muka Farfasa Jirgin Nahuda

Bana azumi ya zo mana cikin sanyi. Shekaranjiya bayan la'asar iskar arewa ta taso, wadda Larabawan nan ke kira shamal, ta yi ta kaɗa tagar falonmu a unguwar Al Qusais ta Dubai har sai da Ramatu, mai ɗakina, ta bar kaskon ƙosai ta zo ta cusa tsumma a ƙarƙashinta. Kafin magariba aka soma yayyafi. Na fita baranda ina kallon jirgin ƙasa na metro yana wucewa cikin ruwa, sai ƙamshin jiƙaƙƙen yashi da gishiri ya bugi hancina. Daga gidanmu zuwa teku akwai tazara, amma iskar ta ɗauko shi ta kawo mini har ƙofa.

"Alhaji, shigo kada mura ta kama ka," in ji Ramatu.

Na ce mata irin wannan iska ce ta karya mana gada a otal ɗin Nahuda. Ta ce labarin nan ta ji shi har ta haddace, in taimake ta da jera kofuna. Na jera. Amma har aka sha ruwa aka yi salla zuciyata tana can bakin teku, shekaru talatin da 'yan kai baya, lokacin da azumi ya faɗo a daidai irin wannan sanyi.

Sunana Isuhu, ni mutumin Gaya ne ta Nijar, a bakin Kwara. Gidanmu Sarkawa ne, su muka gada kaka da kakanni. Na yi lakkwal har na iya Faransanci daidai gwargwado, shi ya sa kawuna mai fataucin atamfa da agoguna ya zo da ni Dubai in riƙa yi masa rubutu. Fatauci bai karɓe shi ba, ya koma gida, ni kuwa na ƙi binsa. Wata rana ina zaune a bakin ruwa wajen Port Saeed, inda manyan jiragen katako ke lodi, ina ɗinke wa wani Ba'indiye komarsa da ta yage don dai hannuna ya sami abin yi, sai wani tsoho gajere mai farin gemu ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallon yatsuna, sannan ya tambaye ni da Larabci ko na san ruwa. Na ce na san kogi.

Ya ce, "Kogi ƙanen teku ne. Yalla, tashi."

Haka na bi shi. Kowa Nahuda yake ce masa, wato shugaban jirgi, har mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Otal ɗinsa yana can bayan Jumeira, inda kwalta ke ƙarewa a wancan zamani. Daga nan sai a bi wata hanyar ƙasa ta cikin fadamar gishiri, a wuce 'yar rugar masunta, sannan a gan shi: gini fari mai hawa ɗaya, gishiri ya cinye fentinsa, da bishiyoyin dabino a tsakar gida, da doguwar gadar katako da ta miƙe cikin teku, inda kwale-kwale ke tsayawa.

Tarihin wurin daga bakinsa na ji, don mutum ne mai son maimaita zance in ya sha gahawa. Mahaifinsa nutson lu'ulu'u ya yi da babban jirginsa na katako. Da kasuwar lu'ulu'u ta mutu, Nahuda ya gaji jirgin ya shiga safara da shi, ya kai dabino Indiya, ya dawo da shinkafa da katako. Da gwiwoyi suka soma ƙin sa, ya ja jirgin ya kife shi gefe guda a kan yashi, ya kafa rumfar ganyen dabino kusa da shi yana sayar wa masunta shayi. Sai Turawan kamfanonin mai suka fara zuwa ranar Juma'a da sandunansu na fatsa, suna roƙon a fita da su. Daga baya suka ce da akwai wurin kwana da sun kwana, su yi sammako. Ya gina ɗakuna huɗu na bulo. Aka gaya wa juna, Larabawa ma'aikatan gwamnati suka shigo, da Indiyawa da Iraniyawa da Labanawa, ya ƙara ɗakuna, ya ɗora bene. Ba wanda ya taɓa zuwa wurin don kyan gado. Katifun sun lotsa, famfo ruwan kanwa-kanwa yake kawowa. Kifi ke kawo su. A zauren cin abinci akwai tsohon sikeli rataye da ƙugiya, bangon kuma cike da hotunan mutane suna dariya rungume da kifin da ya kusa tsawonsu, hotunan duk sun koɗe sun koma ruwan ƙasa.

Kada ku je neman wurin yau. Fadamar gishirin ta zama titi mai layi-layi, kuma inda muke wanke kifi wani dogon gini ne na gilashi mai masu gadi a ƙofa. Na taɓa kai Ramatu in nuna mata, na kasa gane ko ta ina zan nuna.

Mu uku ne ma'aikatan da ke kwana a wurin. Ni ke fita da baƙi, in shirya musu ƙugiya da ƙananan kifin da ake laƙa mata, in kai su inda kanad ke kiwo. Kanad dogon kifi ne mai haƙora kamar zarto, in ya kama fatsa sai ka ce giwan ruwa ne ya haukace. Sai Moidu, mai dafa abinci, Musulmi daga kudancin Indiya, siriri mai yawan mita da zuciya fara. Sai Bulus, makaniki, Kirista ɗan Kagoro, wanda ke kula da injinan kwale-kwale da janareta. Ranar da na iso na ji wani a ƙarƙashin inji yana zagin sifana da Hausa, na tsaya cik. Na ce, "Sannu da aiki." Ya leƙo da baƙin mai a goshi ya ce, "Kai! Daga ina?" Daga ranar ɗakinmu ɗaya. Yana ce mini Basarke, ina ce masa mutumin dutse, don duk zamansa a bakin teku bai iya iyo ba.

Abincin otal na shekara guda a watannin sanyi ake samun sa. In zafi ya shigo, teku kan yi ɗumi kamar ruwan wanka, kanad ya gudu, baƙi su ɗauke ƙafa. To a shekarar, azumi ya kama a tsakiyar sanyi, ɗakuna cike. Abin mamaki, azumin su Bulus na kwana arba'in shi ma ya kama a daidai lokacin. Ya ce ba zai ci nama ba sai Ista, kuma sau ɗaya zai riƙa cin abinci a yini. Ya ce tunda haka ne zai jira mu, a ci tare da magariba.

Kwanakin farko lafiya lau. Mu yi sahur, mu yi salla, in fita da baƙi gari na wayewa, mu dawo kafin azahar da kuloli cike. Sai wata safiya Nahuda ya tsaya a kan gada yana shaƙar iska, ya ce yau ba inda za a je. Sama tas take, baƙi suka yi ta gunaguni. Kafin hantsi teku ya sake launi, daga shuɗi ya koma kamar ruwan toka, sannan shamal ta sauko. Muka ja kwale-kwalen duka muka hau da su tudu muka ɗaure.

Na san iska a Kwara, amma ban san irin wannan ba. Ba ta zuwa ta wuce, zama take yi. Yashi ya shiga ido, ya shiga haƙori, ya shiga tukunyar Moidu. Igiyar ruwa takan taso fara fat ta faɗo a kan gada, ka ji ƙasa ta girgiza har cikin ɗaki. Ta ɗan lafa, muka ce alhamdu lillahi, sai ta dawo da ruwan sama a bayanta. Rufin bene ya soma yoyo, muka jera bokitai da tukwane. Wata safiya bayan sallar asuba haske ya fito muka duba, babu gada. Sai turaku biyu uku a tsaye kamar haƙoran tsoho, katakan kuwa teku ya kwashe.

Nahuda ya dubi turakun. Ya ɗaga hannu ya gyara rawaninsa, ya koma ciki.

Ruwan ya mayar da fadamar gishiri taɓo. Motar da ke kawo mana kayan abinci da gas ta kafe tun daga bakin kwalta, ta juya. Ruwa ya shiga ɗakin janareta. Baƙi suka tattara sandunansu, wani mai babbar motar sahara daga ruga ya riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan har zauren ya zama wayam. Mutum ɗaya ya ƙi tafiya: Dakta Usman, likitan haƙori ɗan Sudan da ke aiki a Sharja, wanda duk shekara a nan yake cinye hutunsa. Ƙaton mutum ne mai tabarau. Kakarsa Bahaushiya ce ta Mai Wurno, kuma abin da ya rage masa na Hausarta bai wuce "ina gajiya" da "Allah shi kyauta" ba, amma duk safiya sai ya gaishe mu da su yana murna.

Ya ce, "Hutu na ɗauka don in zauna a bakin teku. Ga teku, ga ni. Ina zan je?"

Daga nan muka shiga wani irin azumi. Otal ɗin da aka san shi da kifi, babu ko ɗanyen kifi ɗaya a cikinsa. Abin da ke ɗakin ajiyar Moidu shi ne buhun shinkafa da ya yi rabi, da adas, wani irin ƙananan wake, da albasa, da dabinon gonar Nahuda, da wani tulu na malih, wato kifin da aka jiƙa da gishiri tun bara. Ranar farko da muka yi sahur da malih, kafin azahar harshena ya manne da ganɗa, alhali ana sanyi har haƙora na kaɗawa. Daga ranar muka mayar da shi abincin buɗa-baki. Sahur ya zama farar shinkafa da shayi ba madara. Yunwar sanyi daban take da ta zafi. A zafi ƙishi ke damun ka, ka manta da ciki. A sanyi cikin ne ke kira tun hantsi, yatsu su ƙage, ka ji kamar iska na ratsa haƙarƙarinka.

Ba mu da wuta, sai fitilar ƙwai da rediyo mai batir da muke jin kiran salla da shi. In magariba ta kusa sai mu shimfiɗa tabarma a zauren, ƙarƙashin hotunan nan, mu biyar: Nahuda, Dakta, Moidu, Bulus da ni. Dabino da ruwa, sannan mu huɗu mu yi salla, Bulus ya zauna yana gadin faranti daga kyanwar otal. Wani lokaci matan ruga sukan aiko da haris, faten alkama da nama da aka tuƙa har ya yi laushi. Bulus ya kalle shi ya haɗiye yawu ya tura mana, ya ja shinkafarsa da adas.

Moidu ya ce masa, "Naman ya narke, ba a ganinsa. Ci."

Bulus ya ce, "Ni ba na ganinsa, amma akwai mai gani."

Da hanya ta ɗan bushe, Rashid, babban ɗan Nahuda, ya zo. Ma'aikaci ne a cikin gari, mutum mai ladabi, ya sumbaci kan mahaifinsa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Ya zaga ya ga rufin, ya ga inda gada take a da. Suka zauna a tsakar gida, kuma ba su rage murya ba, saboda haka mun ji.

"Abuya, khalas, ya isa haka. Ka huta. Akwai masu son filin nan tun bara. Katako yanzu ba ya taɓuwa, kafin a kawo shi a sami kafintoci sanyi ya wuce. Ka dawo gida cikin jikokinka."

"Gida ina?" in ji tsohon.

"Ni dai tsoro nake ji, wata rana a kira ni a ce rufi ya faɗo maka."

Gaskiya ya faɗa, kuma don ƙauna ya faɗe ta. Ya tafi a kan zai dawo kafin Salla ya ji amsa.

Bayan mun sha ruwa Nahuda ya ce mana, "Ya awladi, 'ya'yana, kun ji. In babu gada babu baƙi, don baƙona ba zai ratsa ruwa har ƙugu da kayansa ya hau kwale-kwale ba. In sanyin nan ya wuce ɗakuna wayam, ba zan iya riƙe ku ba. Wanda ya sami wani wuri ya tafi, zan sa masa hannu da zuciya ɗaya."

Bizar kowannenmu a kan otal ɗin take. Ni a lokacin an riga an kai gaisuwa gidan su Ramatu a Gaya, ana jiran in zo lokacin kaka a ɗaura aure. Bulus yana da ƙanne a makaranta. Na kalli shinkafar da ke gabana na ji ta fita raina.

Bulus ne ya yi magana. Ya ce, "Baba, in akwai katako, mu za mu iya. Isuhu ya san kafa turaku cikin ruwa, ni ina da famfo da ƙusoshi. Katakon ne babu."

Tsohon ya daɗe yana juya ƙwallon dabino a hannunsa. Ya ce, "Akwai katako."

Ba wanda ya gane sai da safe, da ya fito da guduma da ƙarfen ɓamɓara ya nufi jirgin mahaifinsa. Jirgin nan tun zuwana yake kishingiɗe a kan yashi bayan otal, baƙi ƙirin, tsawonsa ya fi zauren cin abinci. A inuwarsa Nahuda ke shan gahawa, kuma ko kyanwa ba ya bari ta hau. Na sha gabansa na ce, "Baba, ba wannan ba. A nemi wata dabara."

Ya ce, "Yusuf, katakon Indiya ne, ruwan gishiri ba ya cin sa. Shekara nawa yana kwance yana kallon teku? Bari ya koma." Ya dafa jikin jirgin ya yi wa mahaifinsa addu'a, ya sa ƙarfen a tsakanin katako biyu ya danna. Ƙusar farko ta yi wata ƙara kamar kukan tsohuwar ƙofa. Ya miƙa mini ƙarfen, ya juya ya tafi masallacin ruga, bai dawo ba sai azahar.

Haka aikin ya kankama. Da safe, kafin yunwa ta yi ƙarfi, mu ɓamɓare katako mu zare ƙusoshi, Bulus ya miƙar da masu amfani. In ruwa ya janye sai mu shiga kafa turaku. A Gaya da guduma muke buga su, amma nan yashi ya ƙi, ka buga turke ya dawo maka. Bulus ya tayar da famfon janyo ruwa, ya ɗaura tiyo a gindin turken, ruwa ya riƙa huda yashin, turken yana nutsewa da kansa mu muna riƙe da shi. Ruwan sanyi ƙarara, ƙafa ta mutu tun daga gwiwa. Ina rufe baki gam kada igiyar ruwa ta karya mini azumi, Moidu kuwa yana tsaye a gaɓa yana mita cewa shi dafa abinci aka ɗauke shi, amma duk katakon da aka miƙo shi ke fara tarbarsa. Dakta ya tuɓe tabarau ya shiga cikinmu. Hannuwansa masu laushi suka yi bororo suka fashe, ya naɗe su da bandeji ya ci gaba, in katako ya faɗo masa a ƙafa ya ce, "Allah shi kyauta!" Masunta daga ruga, da su ma iska ta hana su fita, suka riƙa zuwa biyu uku suna kama mana.

Gas ya ƙare, Moidu ya koma girki da guntayen katakon jirgin. Shekara da shekaru ana shafa wa katakon nan man kifi, saboda haka hayaƙinsa ƙarni yake yi, shinkafa ta ɗauka, shayi ya ɗauka, tufafinmu suka ɗauka. Da farko muna yamutsa fuska. Daga baya in na jiyo shi daga cikin ruwa sai in san la'asar ta yi nisa, cikina ya soma murna.

Wata rana Bulus yana kan turaku yana ɗaure gungume, wata igiyar ruwa ta zo ta ɗauke shi. Na ji "Yesu!" sannan babu shi. Na yi nutso na lalubo wuyan rigarsa, ya ƙanƙame ni har muka nutse tare, na sha wuya kafin na juya shi na tura shi gaɓa. Ya yi ta amayar da ruwan gishiri, jikinsa na ɓari. Nahuda ya cire mayafinsa na ulu ya lulluɓe shi, ya riƙe kansa yana ta faɗin alhamdu lillahi. Da numfashin Bulus ya dawo ya kalle ni ya ce, "Basarke, ka sha ruwa?"

Na ce, "Na sha."

Ya ce, "To azuminka yana wuyana. Ni ma na sha, sai mu je a yi mana hukunci tare."

Nahuda ya ce wanda ya shiga ceton rai ba da gangan ya sha ba, in ina kokwanto in rama bayan Salla. Daga ranar ya ɗaura wa Bulus igiya a ƙugu kamar ɗan akuya, ya riƙe bakinta da kansa yana zaune a kan kujera.

A goman ƙarshe iska ta faɗi. Muka tashi sahur muka ji shiru har kunne na ƙara. Da gari ya waye teku ya kwanta lumui kamar mai a faranti. Gadar ba ta kai tsawon tsohuwar ba, kuma katakanta wani ya fi wani faɗi, wasu ma a lanƙwashe suke yadda cikin jirgi ya koya musu. Amma ta tsaya, kuma ta kai inda kwale-kwale zai jingina.

Na fita da Dakta da Nahuda. Bayan irin wannan iska kifi yunwa yake ji kamar mu. Ba mu yi nisa ba fatsar Dakta ta yi ƙara, sandar ta lanƙwashe. Da hannuwan nan nasa masu bandeji ya yi ta fama, yana ja kifi na ja, Nahuda na yi masa tsawa, "Shwaiya shwaiya, a hankali, kada ka tsinke!" Da na sa ƙugiya na ɗago kanad ɗin cikin kwale-kwale, Dakta ya zauna daɓas yana dariya yana share ido. Kafin azahar mun cika kula.

A ranar Rashid ya dawo jin amsa. Ya tsaya a bayan otal inda jirgin yake a da, babu komai sai ƙashin bayansa da sawunsa a kan yashi. Ya daɗe a wurin. Sannan ya taka gadar a hankali har ƙarshenta, inda muka shimfiɗa tabarma, Moidu yana gasa kanad a kan garwashi. Ya durƙusa ya shafa katakon da hannu.

"Abuya, jirgin kakana ne wannan?"

"Shi ne. Zauna, an kusa kiran salla."

Ya zauna. Ban taɓa cin kifi irin na ranar ba, gishiri da lemun tsami kawai, fatar ta ƙone naman fari tas yana tururi. Rashid ya ci da mu, ya wanke hannu, ya ce gobe zai turo masu gyaran rufi da motar gas. Maganar sayarwa bai sake ɗaga ta ba har mahaifinsa ya rasu, shekaru masu yawa bayan haka. A cikin shekarun na auri Ramatu na kawo ta, na koyi harkar kargo daga wani baƙon otal, wadda nake ci da ita har yau. Bulus ya koma Kagoro ya buɗe gareji. Dakta kuwa, tun kafin ya bar wurin ya yi ta buga waya, labari ya bazu cewa kanad ya dawo kuma Nahuda ya yi sabuwar gada. Kafin Salla ɗakuna sun cika, muka ci sauran sanyin muna fita safe da yamma.

Ranar Salla Nahuda ya yanka akuya, aka dafa ta da shinkafa a babbar tukunya, aka ci da baƙi da mutanen ruga. Bulus ya yi mana barka da Salla, ya taya mu rabon abinci, sannan ya ɗauki kifinsa ya koma gefe, don nasa azumin da saura. Na lura tsohon yana kallonsa.

Bayan 'yan makonni Ista ta zo. A wancan lokaci Lahadi ranar aiki ce a nan, amma Bulus ya nemi izini ya yi sammako zuwa coci a cikin gari, sanye da rigarsa ɗaya mai kyau. Yana fita Nahuda ya kira ni ya ce in bi shi ruga. Muka dawo da wani baƙin bunsuru mai ƙiba, shi da kansa ya yanka, ni na feɗe, Moidu ya ɗora tukunya.

Bulus ya dawo bayan azahar, ƙura har gwiwa don daga bakin kwalta a ƙafa ya tako. Ya shigo tsakar gida ya ga tabarma, ya ga babban faranti a rufe, ya ga mu zaune muna jiran sa. Ya ce, "Baƙi aka yi?"

Nahuda ya ce, "Idinka ne. Mun ci namu kana kallo."

"Baba, ai ni kaɗai ne. Bunsuru guda saboda mutum ɗaya?"

"Kai kaɗai ka yi azumin, amma ba kai kaɗai za ka ci ba. Zauna, yunwa muke ji."

Ya buɗe farantin, ya lalubo hanta da yatsunsa ya ajiye a gaban Bulus. Bulus ya tsaya yana kallonta. Ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa mai kyau, ya yi alamar gicciye. Mu muka yi bisimilla, muka sa hannu.